Sunan Yanka da Sunan Kira a Karkarar Arewacin Kano: Rawar da Kunya ta Taka Wajen Raya Sunayen Gargajiya

Tsakure

Maƙalar nan ta duba dalilin da ya sa mutumin karkara a ƙasashen Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunci, Tsanyawa da Minjibir yakan tashi da suna biyu, na yanka da na kira. Ta kafa hujja da cewa al'adar kunya ce ta bai wa sunayen Hausa na gargajiya wurin zama bayan kafuwar Musulunci, kuma gurbin da kunyar ta buɗe shi ne yau sababbin sunayen Larabci suke cikewa.

Ƙasar da sunayenta

Arewacin Kano ƙasa ce ta gona kan gona. Michael Mortimore da J. Wilson sun bayyana ta a 1965 a matsayin wani ɓangare na yanki mai cunkoson jama'a da ya kewaye birnin, inda ake noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon taki. Gero, dawa, wake da gyaɗa su ne abincin gida, kuma su ne kalandar gida. Saboda haka tsoho mai suna Nomau ya san an haife shi ana tsakiyar noma ko da ba shi da takardar haihuwa. Shukau ya zo lokacin shuka, Anaruwa ya faɗo ana ruwa, Marka da Ɗanmarka 'ya'yan tsakiyar damina ne. Citumu ya iso gero ya fara nuna ana gasa tumu, Ciwake kuma lokacin roron wake. Wada da Yalwa sun tarar da rumbu a cike.

Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da liman ya raɗa. Ranar bakwai da haihuwa, bayan an raba goro an yanka rago, sunan da ake sanarwa na annabi ne ko sahabi ko matan gidan Annabi: Muhammadu, Ibrahim, Abubakar, A'ishatu, Hadizatu. Shi ake kira sunan yanka. Masana sun daɗe da lura da wannan tagwaitaka. P. G. Harris ya rubuta a kanta a mujallar Man a 1931, Pauline Ryan a mujallar Names a 1981, Habib Ahmad Daba kuma ya yi digirinsa na uku a Wisconsin a 1987 kan kalmomin da Hausawa ke kiran juna da su. Abin da maƙalar nan ta fi mayar da hankali a kai shi ne dalilin da ya hana suna na biyu mutuwa.

Tsohuwar shaida

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya nuna yadda abin ya faro. Sarakunan farko sunansu Bagauda, Warisi, Gijimasu, Naguji. A zamanin Yaji (1349 zuwa 1385) Wangarawa suka iso da Musulunci, kuma shi kansa Yaji an san shi da Ali. Daga nan sai suna biyu ya yawaita a gidan sarauta: Abdullahi Burja, Muhammadu Rumfa, Muhammadu Zaki. Sunan Shekarau, wanda ake ba ɗan da aka ce ya shekara a ciki, wani sarkin Kano ya ɗauke shi a ƙarshen ƙarni na 13, wani kuma a tsakiyar ƙarni na 17, ga shi har a sunan Malam Ibrahim Shekarau da ya yi gwamna daga 2003 zuwa 2011. Shekara ɗari bakwai ke nan suna ɗaya yana yawo a ƙasa ɗaya.

Inda kunya ta shigo

Sunayen yanka ba su da yawa, kuma a karkara ba a cika zaɓar su don daɗin ji ba. Ana mayar da sunan kaka ne, ko na malamin uba, ko na wani babba da ya rasu. Nan matsala take tasowa. Matar gida ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta faɗin na mijinta, ba ta kuma faɗin na ɗanta na fari. Uban ma nauyi yake ji ya daka wa yaro tsawa da sunan mahaifinsa. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya nuna zurfin kunyar ɗan fari a wurin matan da. To yaron da aka sa wa sunan da rabin gidan ba za su iya furtawa ba, dole a nema masa wani. Wannan shi ne alkunya.

Hanyoyin ɓoye suna iri-iri ne. Mafi sauƙi a kira yaron da matsayin mai sunan: Abba, Baba, Babangida, ko Ummi, Uwani, Inna. Wata hanyar ita ce laƙabin da ya riga ya manne wa sunan. Kowane Abubakar Garba ne, Umaru Sanda ne ko Faruku, Usman Shehu ne saboda Shehu Ɗanfodiyo, Yusufu Maitama ne, Musa Kallamu ne. A'ishatu Indo ce, Hauwa'u Kulu, Fatsima Binta, Zainabu Abu. Gidan da ya tara Muhammadu da yawa sai ya ƙirga su da Larabci: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Tasi'u da Ashiru. Idan duk waɗannan ba su shiga ba, sai kaka ta duba halin da aka haifi jikan, kuma ta wannan ƙofa tsofaffin sunaye suka ci gaba da shigowa.

Mafi yaɗuwa su ne sunayen rana: Ladi da Ɗanladi, Altine, Talatu, Balarabe da Laraba, Lami da Ɗanlami, Jummai da Ɗanjuma, Asabe da Ɗan'asabe. Mutane kan ɗauke su gargajiya tsantsa, amma ranakun nan bakwai daga Larabci Hausa ta aro sunayensu, don haka ƙirar ce ta Hausa, kayan ginin na aro ne.  Azumi da Ɗan'azumi, Sallau da Tasalla su ma 'ya'yan kalandar Musulunci ne. Dikko da Sambo kuwa daga Fulatanci suka shigo, abin da ba zai ba da mamaki ba a ƙasar Dambatta da Bichi inda Fulani suka daɗe da zama.

Akwai kuma sunaye masu bayyana tsarin ɗaki. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande ko Delu mace ce da ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe ƙofa. Audi bai tarar da mahaifinsa a raye ba, Talle maraya ne tun yana jariri.

Sunayen wabi

Rukunin da ya fi taɓa zuciya shi ne na 'ya'yan mai wabi, matar da take haihuwa suna mutuwa. Ita da tsofaffin gidan sukan nuna kamar ba su damu da jaririn ba, don kada abin da ya ɗauke na baya ya waiwayo shi. Ajuji an ɗora shi a kan juji kafin a ɗauko, Ayashe an ce a yar da ita, Bawa an mayar da shi kamar ba ɗan gida ba. Wasu sunayen kuwa roƙo ne a fili: Barau, Abarshi, Abarta, wato a bar mana wannan. Dangana da Dogara suna faɗin inda uwar ta tsaya.

Malamai da yawa sun soki ɗora jariri a juji, kuma sukar tana da tushe. Amma wanda ya tsaya a kan sukar kaɗai bai ji abin da sunan yake faɗa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 132 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar a Nijeriya, a arewa maso yamma kuma adadin ya kai 187. Kowane Barau da ke zaune a gindin bishiya a Kunci ko Tsanyawa yana ɗauke da labarin yayyensa da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Abin da ke sauyawa

Boko ya fara taɓa tsarin ne ta wajen sunan gari. Rajistar makaranta ta buƙaci a bambance Muhammadu da Muhammadu, sai aka liƙa wa ɗalibi garinsu. Haka aka sami Magaji Dambatta, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da Abdullahi Umar Ganduje, wanda sunansa na ƙarshe ƙauye ne a Dawakin Tofa. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya kai rajistar nan har lunguna.

Kunyar kanta ba ta ɓace ba. Har yau ana mayar da sunan kaka, har yau amarya ba ta iya furta shi. Abin da ya canza shi ne mai zaɓen alkunya da inda ake ɗebo ta. A da kaka ce, kuma gona da ranar haihuwa take dubawa. Yanzu uwa ce da ƙannenta, kuma daga Islamiyya, finafinai da waya suke samo Khalifa, Amir, Walida, Ihsan da Mufida. Matashiyar uwa a Bichi za ta ce Citumu sunan ƙauyanci ne, Ajuji kuma camfi.

Takardu sun ƙara matsa lamba. Lambar BVN ta bankuna ta zo a 2014, a watan Disamba na 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar NIN. Fam ɗin rajistarsu yana neman sunan mutum da na mahaifinsa, kuma dole su dace da na kowace takarda. Manomin da duk Makoɗa ta sani da Nomau, a gaban jami'in rajista sai ya ba da Muhammadu. Jikansa da aka mayar wa sunan yana amsa Khalifa, a gida da makaranta.