Kuɗin da ba a kai shi kasuwa

Mun saba ɗaukar kuɗi a matsayin abin da ake miƙa wa mai kaya a karɓi canji. Amma akwai sulallan da aka buga musu farashi a fuska, kuma ba wanda ya taɓa sayen ko allura da su.

Sinawa suna ƙirga shekaru da dabbobi 12, daga ɓera zuwa alade, sannan a sake zagayowa. Tun zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, maƙeransu ke zuba tagulla mai siffar kwabo, da huda a tsakiya, dabbobin kewaye da ita. Ba kuɗin ciniki ba ne, ratayawa ake yi kamar laya.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne inda al'adar ta sake ɓullowa a zamaninmu. A 1976 Hong Kong, tana hannun Birtaniya, ta fitar da sulallan zinariya na dala 1,000. Gefe ɗaya dodon nan mai jikin maciji da Sinawa ke girmamawa, ɗaya gefen kuwa kan Sarauniya Elizabeth ta biyu. Aka yi ta fitarwa duk shekara har zomo ya rufe zagayen a 1987. Babban bankin Sin bai fara nasa ba sai a 1981, shekarar zakara.

Daga nan 'yan kasuwa suka gano lagon abin. Wanda ya sayi ɓera da sa da damisa, zuciyarsa ba za ta bar shi ya tsallake zomo ba, domin jerin da ya yi giɓi ba ya daraja. Ke nan an kama mai saye na shekara 12 cur. Masana'antar buga kuɗi ta Perth a Ostareliya ta shiga a 1996, kuma tana cikin zagaye na uku tun 2020. Birtaniya ta biyo baya a 2014 da doki.

Sin kuwa ta sauko da abin ga talaka: yuwan 1 na tagulla daga 2003, sannan yuwan 10 daga 2015, ana buga miliyoyi, shi ya sa ba sa tsada kamar na farko.

Har Afirka ta samu rabonta. Tun 2017 ake fitar da azurfa mai ɗauke da sunan Ruwanda da farashin faran 50, da zakara aka fara. A Jamus ake buga ta, kuma akasari masu tara sulalla a ƙetare ne ke sayen ta.