Daga Legas da Gindiri: Asalin Ƙungiyoyin MSS da FCS

Duk wanda ya yi sakandare a Arewacin Najeriya ya san ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, amma ba kowa ya san a Legas aka yanke mata cibiya ba. A shekarar 1954 ne wasu ɗalibai Musulmi suka kafa ta, a zamanin da yawancin makarantun boko na Kudu ke hannun mishan. Lateef Adegbite, ɗalibin King's College, shi ne shugabanta na farko. Daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci.

Bayan shekara 3, wato a 1957, aka kafa ƙungiyar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yau.

Ƙungiyoyin biyu sun bazu a makarantun kwana, inda suke shirya wa'azi, kacici-kacici, muhawara da sansanin hutu. Zamansu bai rasa tsami ba: rikicin Kafanchan na 1987 ya faro ne daga saɓanin ɗaliban addinan biyu a Kwalejin Ilimi ta garin. Duk da haka, malamai, limamai da fastoci da yawa a tarukan ƙungiyoyin nan suka fara koyon tsayawa gaban jama'a.