Matakin Gab da Ciwon Sukari

Matakin gab da ciwon sukari yanayi ne da sukarin jinin mutum ya haura ƙa'ida, amma bai kai mizanin da likitoci ke kira ciwon sukari nau'i na 2 ba. Yawanci ba ya nuna alama, shi ya sa mutane da dama ke ɗauke da shi ba su sani ba.

Tushensa shi ne bijirewar jiki ga insulin, sinadarin da fankiriyas ke fitarwa don shigar da sukari cikin tsoka da hanta. Idan ƙwayoyin jiki suka daina jin kiransa, sai fankiriyas ya ninka aiki, sannu a hankali ya gaza. Tumbi, zaman wuri ɗaya, gado da ciwon sukari na lokacin goyon ciki duk suna ƙara haɗarin. Wasu fatar wuyansu ko hammatarsu kan yi duhu da kauri, a ɗauka dauɗa ce.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka ta sa iyakar wannan mataki a awon sukarin jini na safe kafin karya kumallo a miligiram 100 zuwa 125 cikin desilita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta fara daga 110. A gwajin jini na HbA1c, mizanin ƙungiyar ta Amurka kashi 5.7 zuwa 6.4 ne, sai dai yakan ba da sakamakon kuskure ga masu sikila.

Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya nuna rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon sukari nau'i na 2 da kashi 58 cikin ɗari, maganin metformin kuwa kashi 31.