Tarihin Darussan Gama-Gari a Jami'o'in Nijeriya da Gurbin Harsunan Gida: Misali daga Keffi da Garaku

1.0 Gabatarwa

Babu ɗalibin da zai karɓi digirin farko a jami'o'in Nijeriya sai ya ci jarrabawar wasu darussa waɗanda ba su shafi fanninsa kai tsaye ba. Mai nazarin lissafi da mai karanta shari'a da mai koyon aikin gona duk sukan haɗu a zaure ɗaya domin waɗannan darussa, waɗanda ɗalibai suka fi sani da GST, a wasu jami'o'in kuma GNS ko GSP. A wannan maƙala za a kira su darussan gama-gari. Manufar maƙalar ita ce bin diddigin asalinsu da sauye-sauyen da suka samu daga 1961 zuwa 2022, sannan a duba gurbin da aka ba harsunan Nijeriya a cikinsu. An ɗauki yankin Keffi da Garaku na Jihar Nasarawa a matsayin misali, saboda yana daga cikin wuraren da harsuna suka fi cakuɗuwa a ƙasar nan. Abin da tarihin ya nuna shi ne an yi ta ƙara darussa ana ragewa, Ingilishi yana nan daram a gurbinsa, harsunan gida kuwa ba su taɓa samun gurbin dole a manhajar ƙasa ba.

2.0 Asali: Ibadan da Nsukka

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, a ƙarƙashin Jami'ar Landan take, don haka tsarin Ingila ta bi. A wannan tsari ana ɗauka cewa ɗalibi ya riga ya sami ilimi mai faɗi a sakandare, aikin jami'a shi ne ta zurfafa shi a fanni ɗaya ko biyu. Amurka kuwa wata hanyar ta bi. Jami'ar Kolambiya ta fara wani darasi na bai-ɗaya kan wayewar zamani a 1919, Kwalejin Jihar Michigan ta kafa sashen darussan tushe a 1944, sannan Jami'ar Harvard ta fitar da sanannen rahotonta kan ilimin gama-gari a 1945. Hujjarsu ita ce kada ƙwarewa a fanni guda ta hana mutum sanin al'ummar da zai yi wa aiki.

Wannan ra'ayi ya shigo Nijeriya ne ta hannun Dokta Nnamdi Azikiwe, wanda a Amurka ya yi karatu. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe a watan Oktoba na 1960 da taimakon masana daga Jami'ar Jihar Michigan, kuma a 1961 ta fara shirin darussan gama-gari mai rassa huɗu: amfani da Ingilishi, kimiyyar zamantakewa, kimiyyar halittu da abubuwa, da nazarin adabi da al'adun ɗan'adam. Masu ra'ayin tsarin Ingila sun yi wa shirin kallon hadarin kaji da farko, suna ganin ɓata lokacin ɗalibi ne. Abin lura a nan shi ne Ingilishi ya shiga jerin tun ranar farko, alhali harshen Ibo, wanda a tsakiyar ƙasarsa aka gina jami'ar, ba ya cikin rassan huɗu. Wannan zubi na Nsukka shi ne sauran jami'o'i suka gada daga baya.

3.0 Bayan Yaƙin Basasa

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sauya yadda hukuma ke kallon ilimi. Haɗin kan ƙasa ya zama abin da aka sa gaba, wanda ya haifar da shirin yi wa ƙasa hidima a 1973. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962 a matsayin mai ba da shawara kurum bayan rahoton Kwamitin Ashby na 1960, ta sami ƙarfin doka a 1974. A 1975 kuma aka ƙara sababbin jami'o'i da kwalejojin jami'a bakwai, a Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri da Ilori da Kalaba da Fatakwal.

A cikin wannan yanayi ne aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa a 1977, aka kuma yi mata gyara a 1981. Manufar ta bayyana cewa al'ummun Nijeriya ba su san juna ba, ba su ma san kansu sosai ba, don haka ta tanadi darasin dole a shekarar farko ta jami'a kan tarihi da al'adu da tsarin zaman jama'ar ƙasa, ta kuma ɗora ba da digiri a kan cin wannan darasi. Har ila yau ta nemi ɗalibai su yi wani darasi kan tarihin tunani da falsafar ilimi. Daga nan ne darasin al'ummu da al'adun Nijeriya ya samo tushe.

Ita dai wannan manufa ta ce a koya wa yaro ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Ibo ko Yarbanci, baya ga harshen uwarsa. Tsarin mulkin 1979 ma ya amince da harsunan uku a Majalisar Tarayya idan an yi tanadin da ya dace, kuma na 1999 ya maimaita hakan a sashe na 55. Sai dai tanadin koyon harshe ya tsaya ne a firamare da sakandare. Da aka zo ƙofar jami'a, sai aka raba al'ada da harshe: al'adar ta zama dole, harshen da ke ɗauke da ita ya zama zaɓi ga wanda ya ɗauke shi a matsayin fanninsa.

4.0 Daga 1985 zuwa 2022

Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba NUC ikon shimfiɗa mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa. A 1989 hukumar ta fitar da kundin farko na waɗannan ƙa'idoji a fannoni 13, kuma daga nan darussan gama-gari suka zama sharaɗi a kowace jami'a. Wannan ya zo daidai da shigowar tsarin 6-3-3-4, wanda ya kawar da azuzuwan share fagen jami'a a sakandare, da kuma tsarin auna nauyin darussa da kiredit.

Duk wanda ya dubi darussan da aka riƙa ƙarawa bayan nan zai ga damuwar kowane zamani a cikinsu. Bayan Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a 1996, manufar ilimi ta 1998 ta tabbatar da hakan, kuma darasin sadarwa da Faransanci ya sami wuri a kundin da aka sabunta a 2007. Yaɗuwar kwamfuta ta kawo darasin fasahar sadarwa, rikice-rikicen ƙabilanci da na addini suka kawo darasin zaman lafiya da sasanta rikici, rashin aikin yi kuma ya kawo darasin koyon sana'a da dogaro da kai. Kaya suka yi yawa a kan ɗalibi.

A watan Disamba na 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS. A cewar hukumar, an rage darussan gama-gari daga kiredit 36 zuwa 12, a darussa shida: sadarwa da Ingilishi, al'ummu da al'adun Nijeriya, falsafa da manɗiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, sai darussa biyu na koyon sana'a. Babu harshen gida ko ɗaya a cikinsu. Amma manhajar ta zo da wani sabon abu, wato hukumar ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta.

5.0 Keffi da Garaku

An ƙirƙiri Jihar Nasarawa daga Jihar Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Jami'ar jihar ta kafu bisa dokar 2001 a zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara aiki a Keffi a 2002, Farfesa Adamu Baikie ne shugabanta na farko. Ke nan an haife ta ne bayan darussan gama-gari sun riga sun zama doka, ta karɓe su a shirye kamar kowace sabuwar jami'a.

Garaku, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kokona, tana kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga jami'ar. A kasuwannin wannan yanki ana jin Gwandara da Mada da Eggon da Afo da Gbagyi da Fulatanci, Hausa kuma ita ce harshen ciniki da ke haɗa su. Harshen Gwandara shi ne mafi kusanci da Hausa a cikin dangin harsunan Cadi, kuma tarihin baka na Gwandarawa yana danganta asalinsu da Kano. Mafi yawan sauran harsunan yankin kuwa na dangin Binuwai-Kwango ne. Wani masani ɗan Japan, Shuji Matsushita, ya wallafa nazari kan sautukan Gwandara da kalmominsa a Tokyo tun 1972, amma ɗan Garaku yana iya gama digiri a Keffi ba tare da manhajar ƙasa ta buƙaci ya san yadda ake rubuta harshen ba.

Tarihin yankin ma yana nuna irin asarar da ake yi. Abdu Zanga ya kafa Keffi a farkon ƙarni na 19, garin ya kuma kasance a ƙarƙashin Zazzau. A Keffi ne Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, ya tafi Kano, kuma karɓar da aka yi masa a can tana cikin hujjojin da Lugard ya kafa wajen kai wa Kano hari a 1903. Labaran wannan zamani suna nan a bakin dattawa da kirari da waƙoƙi, cikin Hausa da harsunan maƙwabta, kowace al'umma da yadda take ba da nata. Darasin al'ummu da al'adun Nijeriya da ake koyarwa da Ingilishi ga ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda ba zai iya kai su ga waɗannan kafofi ba.

6.0 Dalilan Barin Harsunan Gida a Baya

Ana iya kawo dalilai uku. Na farko shi ne tsoron danniya. Tun zamanin Kwamitin Willink na 1957 zuwa 1958 ƙananan ƙabilu suke nuna damuwa da rinjayen manya, kuma a yankin Keffi, inda ba a manta da hare-haren bayi na ƙarni na 19 ba, tilasta Hausa a kan kowa zai iya tayar da tsohon miki. Na biyu shi ne kukan da aka daɗe ana yi kan raunin Ingilishin ɗalibai, wanda ya sa hukumomi ke ganin duk sa'ar da aka ba wani harshe an ƙwace ta ne daga Ingilishi. Wannan ra'ayi ya sake bayyana a Nuwamba 2025, lokacin da Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare. Na uku shi ne ƙarancin malamai da littattafai, musamman ga harsunan da ba a gama daidaita ƙa'idojin rubutunsu ba.

Dalili na uku bai shafi Hausa ba. Akwai kundin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ga kuma ɗimbin masu digiri a fannin. Haka kuma an ga inda jiha ta ɗauki mataki da kanta: Jihar Legas ta yi dokar kare Yarbanci a 2018, daga baya jami'ar jihar ta sa Yarbanci cikin darussanta na gama-gari. Sai dai Legas ƙasar Yarabawa ce, Nasarawa kuwa ba ta da harshe guda da za a ce shi ne na jiha, don haka kwaikwayon Legas kai tsaye ba zai yi ba.

Abin da zai fi dacewa da wuri irin Keffi shi ne darasi mai hanya biyu a cikin kashi 30 da aka bar wa jami'a. Ɗalibin da ba ya jin Hausa ya koyi gwargwadon abin da zai yi aiki da shi a asibiti ko kotu ko gona, domin da ita zai yi magana da mafi yawan waɗanda zai yi wa hidima. Ɗalibin da ke jin ta kuma ya koyi ƙa'idojin rubuta harshensa na gado, Gwandara ne ko Mada ko Eggon ko ita Hausar, ya tattaro labari ko karin magana daga garinsu a matsayin aikin jarrabawa. Ta haka babu harshen da aka ɗora a kan wani, jami'a kuma za ta tara taskar da manazarta za su amfana da ita.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin darussan gama-gari daga Nsukka a 1961, ta ratsa manufar ilimi ta 1977 da ƙa'idojin 1989 da na 2007, har zuwa manhajar 2022. An ga cewa an kafa darussan ne domin ɗalibi ya san al'ummarsa, amma aka bar harsunan al'ummar a waje tsawon shekara sittin da ɗoriya. Kashi 30 da ke hannun majalisun jami'o'i yanzu dama ce da ba ta buƙatar sabuwar doka daga Abuja. Saura sassan nazarin harsunan Nijeriya su tsara darasin, su kai shi gaban majalisun, kafin sauran fannoni su cike gurbin.