Sayen sabon amalanke: dabbar da za ta ja, kayan ɗauri, da shirin ranar ɗauko shi

Daga an gama girbi, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a wayar gidan rediyo: "Yaronmu da ke Tamanraset ya aiko kuɗi a sayi amalanke, wane iri za mu saya?" Wani lokaci mai aiko kuɗin ne da kanshi ke kira daga Libiya, ko Arlit, ko Legas, yana son ya ji ko abin da ya turo ta Nita ko Al Izza zai isa. Shi ya sa munka tara bayanin wuri guda, don na gida da na nesa su riƙa duba abu ɗaya kafin a kai wa mai walda kafin alƙalami.

Amsarmu kullum ita ce, ba daga amalanken ake farawa ba. Ana farawa daga dabbar da za ta ja shi da hanyar da zai bi. Kuɗin da anka aiko kuma a raba shi huɗu tun daga farko: amalanke, dabba, kayan ɗauri, da abincin dabbar har zuwa faɗuwar ruwa. Wanda ya zuba kuɗin duka a ƙarfe, sau da yawa amalanken nashi a gindin bedi yake kwana, yara na wasa a kai.

Amalanke, ko kura, ko shareti kamar yadda wasu ke faɗi, bai daɗe sosai a ƙauyukanmu ba. Tsofaffi sun san lokacin da taki da dammunan hatsi a mangala da bayan takarkari ake ɗaukar su. Hukumar UNCC, wadda anka kafa a 1962, da babban furojen raya karkara na Maraɗi a shekarun 1970 da 1980, su ne sunka yaɗa shanun huɗa da amalanke ta hanyar bashi ga ƙungiyoyin manoma. Akwai masana'antun da sunka yi suna wajen ƙera su, kamar ACREMA a Tawa, UCOMA a Damagaram da CDARMA a Doso. Yau kuwa mafi yawa masu waldar Tasawa, Mayahi, Gazawa da Maraɗi ne ke yin su, da ƙarfe da tayoyin tsofaffin motoci. Wannan ya kawo sauƙin samu, amma kuma kowane maƙeri da awon shi, saboda haka mai saye ne zai buɗe ido.

Jaki ko sa?

A takarda, amalanken jaki na kilo 500 ne, na shanu biyu kuma tan ɗaya. Kilo 500 shi ne buhu 5 na hatsi masu kilo ɗari-ɗari, ko buhun siminti 10, ko bido 20 masu lita 25. Tano guda cike da ruwa kilo 200 ne, ba a sa nauyin ƙarfen shi ba. To amma wannan lissafi na hanya mai tauri ne. A kan kwalta tsakanin Tasawa da Maijirgi, jaki ɗaya na jan wannan kaya yana kaɗa kunne. Shiga rairayin jigawa irin na wajen Urafan, ko Gidan Amumun, ko gangaren Gulbin Kaba, taya ta nutse, ƙarfin da ake buƙata ya ninka sau da dama. Jakinmu na nan bai cika wuce kilo 150 ba. Mu dai shawararmu, in hanyar gonarka rairayi ce, ka ɗauki rabin abin da takarda ta ce, kuma ka sa kanka cikin lissafi in za ka hau.

Jaki na da sauƙin ci, yana jure ƙishirwa, mata da yara na iya sarrafa shi, kuma ga ɗiban ruwa da kai mara lafiya likita ya fi sa hanzarin shiri. Sai dai ya yi tsada idan an kwatanta da da. Neman fatar jaki da ake kaiwa ƙasar Sin ya sa gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje a 2016, a farkon 2019 annoba ta kashe jakuna masu yawa a ƙasar nan, kuma a watan Fabrairu na 2024 Tarayyar Afirka ta amince a hana yanka jaki don fatar shi. Sa kuwa ci gare shi, yana son harawa, dusa da ruwa mai yawa, amma shi dukiya ce mai girma: ka yi aiki da shi shekara biyu ko uku, ka kiwata shi, ka sayar da riba ka maido ƙarami. Mai jigilar taki, tubali ko yashi, sa ya kamace shi. Akwai kuma amalanken sa guda, mai hannu biyu irin na jaki amma ya fi faɗi da ƙarfi, wanda ke zama tsaka-tsaki ga gidan da ba ya iya ciyar da shanu biyu.

A kasuwar dabbobi, baki ake fara buɗewa. Jaki na cika haƙoran girma a wajen shekara 5. Wanda bai kai shekara 3 ba, ƙashin bayan shi bai ƙosa ba, sa mishi kaya lalata shi ne. Sa ana fara koya mishi a wajen shekara 3, ya shiga cikakken aiki a 4. A sa dillali ya tafiyar da dabbar gabanka, ka tsaya ta baya ka ga ko tana ɗingishi ko ƙafafu na gogar juna. A duba kofato, a shafa gadon baya da ƙirji. Farin gashi a wurin da ɗauri ke zama alamar tsohon miki ne, kuma wurin na saurin sake buɗewa. In shanu biyu ne, su zo daidai a tsawo da ƙarfi, ko Azawak ne, ko Bororo, ko Gudali. In ɗaya ya fi, ƙaramin ne ke shan wahalar karkiya. Kafin a fara aiki a nemi ma'aikacin kiwo ya duba, ya ba da maganin tsutsar ciki, a kuma tabbatar sa ya samu allurar ciwon huhu da ake yi kowace shekara.

Kayan ɗauri, inda aka fi yin sakaci

Nan za mu daɗe, don nan ne ake kashe kuɗi kaɗan a yi babbar asara. Ɗaurin jaki aiki uku yake yi, kuma kowane da abin shi. Na farko ja, kuma jaki da ƙirji yake ja. Ana son maɗauri mai faɗin tafin hannu da zai ratsa ƙirji, sama da gaɓar kafaɗa, ƙasa da maƙogwaro. In ya hau sama ya shaƙe shi, in ya sauka ya hana ƙafa motsi. Na biyu ɗaukar nauyin hannuwan amalanke, wannan aikin akumari ne da ɗan sirdi. Nauyin ya zauna a haƙarƙari dama da hagu, a bar rata a tsakiya yadda ba abin da ke taɓa ƙashin baya. Na uku tsayawa. Amalankenmu ba su da birki, saboda haka ana buƙatar maɗauri da zai zagaya bayan cinyoyi, wanda dabba za ta tokare da shi a gangare. Wanga na uku shi ne kusan kowa ke mantawa. In babu shi, amalanke na turo sirdi gaba har wuya, ko ya daki ƙafafun baya, jaki ya firgita.

Abin da ke taɓa fata ya zama auduga ko tsohon bargo mai tsabta. Buhun leda na sa zufa da gogayya, igiyar nailan da tsagin taya kuma yanka suke kamar wuƙa in rana ta yi zafi. Ga kaba a Gulbin Kaba, ga dukawa a kasuwanninmu, ba dalilin da zai sa a ɗaure jaki da waya. Mun taɓa ganin jakin da anka saya da kuɗin shekara guda na wani ɗan ci-rani, kwana goma da fara aiki bayan shi ya buɗe, anka zuba mishi baƙin man mota, ya yi wata biyu bai ja komai ba, lokacin kai taki ya wuce. Miki ruwan gishiri mai tsabta yake so, da hutu, da maganin likitan dabbobi. Baƙin mai da ruwan batir ƙara ci suke.

Ga shanu, karkiya ta zama itace mai santsi, ba tsaga ba kaifi, ta zauna gaban tozo. Igiyar wuya kada ta matse. Hannu ya iya shiga tsakaninta da maƙogwaro. Ƙusar da ke haɗa dogon ƙarfen amalanke da karkiya ta zama mai kauri da abin kulle ta, kada a sa guntun rodi a lanƙwasa a ce ya isa.

A wurin mai walda

Ka gaya mishi dabbar tun kafin ya yanka ƙarfe, in da hali ka kai tsawon ta da igiya. In an ɗaura, shimfiɗar amalanke ta kwanta daidai, kada ta sunkuya gaba ko ta ɗaga. Hannuwan kuma su bar wuri a gefen ciki, kada su matse, kada jaki ya yi ta yawo a tsakani.

Ka roƙi a nuna maka amalanken kafin a yi fenti, don fenti na rufe ƙarya. Wurin da hannuwa sunka haɗu da jiki, da wurin da sandar tayoyi ta haɗu da ƙasan shimfiɗa, nan ne ke karyewa. Walda mai kyau a jere take, ba ɗigo-ɗigo kamar kashin kaza ba. A ɗaga gefe guda a juya taya: ta juya shiru, ta daɗe tana juyawa. A kama ta sama da ƙasa a girgiza. In tana ƙwas-ƙwas, rulma ta ci ko ba a ɗaure ta ba. A tambaya ko an sa giris, a kuma ga murfin da ke hana yashi shiga, don yashi shi ne ajalin rulma a ƙasarmu.

Taya kuwa, ka zaɓi lambar da mai facin ƙauyenku ke da tiyub ɗinta. Ƙafa mai lamba 13 ko 14 ta ƙananan motoci ta fi araha, mai 15 ko 16 ta fi tsawo, ta fi hawa rairayi, ta fi dacewa da shanu. A jikin taya, ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2312, an yi ta a sati na 23 na 2012. Tsohuwar taya na iya zama da zane mai kyau amma gefen ta ya tsattsage, ƙayar aduwa guda ta gama da ita.

Akwai gwajin da ba ya cin ko dala. A aza buhu biyu ko uku a kan saitin tayoyi, ka ɗaga hannuwan da hannunka. Ya kamata ka ji ɗan nauyi na danna ƙasa, wanda kake riƙewa ba tare da nishi ba. In ya fi ƙarfinka, bayan jaki ne zai ɗauke shi yini guda. In kuma hannuwan na son tashi sama, wannan shi ne amalanken da ke ɗaga jaki ƙafafu na lilo, abin da yara ke dariya a kasuwa amma mai dabba ba ya dariya.

Farashi na tafiya da kuɗin ƙarfe da canjin Naira, saboda haka a yi ciniki a rubuce: kuɗin da anka bayar, saura, irin taya, katako ko farantin ƙarfe a shimfiɗa, da ranar karɓa, gaban shaidu biyu. A ɗauki hoton takardar a tura wa mai kuɗin ta WhatsApp. Zumunci da yawa ya ɓaci a kan "na aiko kaza" da "abin da ya iso kaza".

Ranar ɗaukowa

Kada sabon jaki da sabon amalanke su fara haɗuwa a tsakiyar Tasawa ranar kasuwa, cikin ƙarar babura da manyan motoci. A ari dabbar da ta saba, ko a aza amalanken a motar kasuwa a sauke a gida. Ɗaure shi a bayan babur ko mota ganganci ne: ba birki, ba a yi shi don gudu ba, kuma in mai babur ya tsaya, amalanken bai san an tsaya ba.

In da dabba za a jawo, a fita da sanyin safiya. Jaki da amalanke na cin wajen kilomita 4 a awa, ke nan ƙauyen da ke nisan kilomita 20 tafiyar awa biyar ce, ban da hutu. A tafi mutum biyu, da bidon ruwa, bokiti, ɗan harawa, famfo, makullin noti daidai da na tayar, da igiya ta ajiya. A bar shi ya zo wofi, ko da mai shago na cewa ga siminti a tafi da shi gaba ɗaya. Bayan tafiyar kamar rabin awa a tsaya, a sake ɗaure notin taya, a taɓa tsakiyar ƙafa a ji ko ta yi zafi, a ɗaga akumari a duba fata. In an shiga rairayi mai zurfi, rage iska kaɗan na taimakawa, a maido ta in an hau tauri.

Wanda zai bi babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Maraɗi ta ratsa Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram, ko hanyar Cadawa zuwa Mayahi, ya riƙe hannun dama can gefe, kuma ya sa a manna abin ƙyalli ja a bayan amalanken tun a wurin mai walda. Direban babbar mota da dare ba ya ganin amalanke sai ya zo kanshi. Tocila a hannun wanda ke zaune a baya ma ta fi babu. Mai niyyar yin haya da shi a cikin gari ya biya ta ofishin komin ya ji maganar harajin amalanke, kafin a tare shi ranar kasuwa da kayan mutane a kai.

A gida, sati na farko na koyo ne. Kwana biyu dabba ta yi yawo da kayan ɗauri kaɗai, sannan a sa ta cikin amalanke wofi, mutum na jan ragama a gaba, sannan buhu ɗaya, sannan biyu. Mutum guda ya riƙa koya mata, da kalmomi iri ɗaya na tafi da tsaya. A kafa wa amalanken inuwa don rana na cin taya, a sa dutse ko turmi a ƙarƙashin hannuwa in an kwance, a kuma sake giris kafin damina da bayanta.