"Ya Rasu Ya Bar 'Ya'ya Da Jikoki": Tsofaffin Illela Da Tarihin Da Ake Binnewa Tare Da Su

Duk mai sauraron gidan rediyon Rima na Sakkwato ya san yadda sanarwar rasuwa take tafiya. A faɗi sunan mamaci da garinsu, a ce ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya ko doguwar jinya, yana da shekara kaza, ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza da jikoki da dama, daga cikinsu akwai Alhaji wane na ma'aikata kaza. Sai a roƙa masa gafara, a wuce zuwa ta gaba. Rayuwar shekara 90 ke nan a cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Ba laifin masu sanarwa muke gani ba, aikinsu ke nan, sun kuwa yi shi. Abin da ya dame mu shi ne, sau da yawa wannan minti ɗaya shi ne iyakar abin da za a taɓa tsarawa a kan mutumin har abada, alhali kuwa ga mu nan muna kiran kanmu marubuta.

Ta'aziyya ce ta kai mu Illela, garin da ke bakin iyaka, sama da kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, wanda 'yan kilomitoci ne suka raba shi da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. (Kada mai karatu ya haɗa ta da ɗaya Illelar ta jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar.) Wata dattijuwa ce ta cika, kakar wani abokin rubutunmu. Ranar sadakar uku muka ga ikon Allah: kusan rabin masu karɓar gaisuwa daga hayin iyaka suka zo, wasu a kan kabu-kabu, wasu a ƙasa, wannan ɗan ƙaninta ne, waccan jikar yayarta ce. Da hira ta yi hira sai muka tambayi sunan kakanta na wajen uba, da abin da ya ƙetaro da gidansu wannan ɓangare. Aka dubi juna. Daga ƙarshe wani ya ce ai mai ba da wannan amsa ita ce aka kai makwancinta shekaranjiya. Abokin namu kuwa ya buga littattafan soyayya har uku, kuma ya shekara goma yana cewa zai zauna da ita da rakoda. Ba mu yi masa dariya ba, domin babu wanda a cikinmu ba ya da irin wannan alkawari a wuyansa.

Kafin a gane girman abin da ake asara in tsoho ya faɗi a wannan yanki, sai an san irin guguwar da ta bi ta kan iyayensu da kakanninsu. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙasar da ke arewa da Sakkwato fagen hare-hare ce tsakanin Daular Usmaniyya da Gobirawa da Abzinawa. Muhammadu Maiturare, ɗan Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, shi ya kafa Gwadabawa a farkon shekarun 1880 a matsayin ribaɗi, yana riƙe da sarautar Marafa, ya kuma jawo jama'a daga wurare dabam-dabam suka zauna suka yi noma a ƙarƙashin tsaronsa. Shi ne daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. Saboda haka gidaje da yawa na wannan shiyya zuwa suka yi daga wani wuri, wasu daga Adar, wasu daga Gobir, wasu daga Ƙonni, ga Fulani, ga Buzaye. Kowane gida yana da labarin tahowarsa, kuma a bakin tsofaffi labarin yake.

Sai shekarar 1899. A cikin watan Mayu na wannan shekara rundunar Faransa a ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga yamma ta nufi tafkin Chadi, ta afka wa Birnin Ƙonni ta ƙone shi, ta hallaka mutane masu ɗimbin yawa, maza da mata da yara. 'Yan makonni kafin nan sun gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Labarin Sarauniya ya yi sa'a, domin Abdoulaye Mamani ya mai da shi littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Amma waɗanda suka tsira daga Ƙonni suka watsu cikin ƙauyuka, su waye su? Wa ya goya wa, wa aka bari a baya? A 2020 ne aka fitar da wani fim na Turawan Ingila mai suna African Apocalypse, wanda ya je har Ƙonni ya ɗauki muryar jikokin waɗanda abin ya shafa. Mun gode musu, amma da kunya a ce sai da aka taso daga Landan kafin a tambayi abin da mu motar haya ɗaya ta isa ta kai mu wurinsa.

Ita kanta iyakar da ta mai da Illela garin kwastan a kan tebur aka zana ta. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta ɗauki birnin Sakkwato a matsayin cibiya, aka zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila ne. Da a haka aka tsaya, da yau Ƙonni tana cikin Nijeriya. To amma Faransawa suka koka cewa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram, sai aka sake zama a 1904, aka kuma sake a 1906, aka turo layin kudu. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi daji suna kafa alamomi har 148 daga Kwara zuwa Chadi, aka sa hannu a kan aikinsu a 1910. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa abin da ya faru shi ne wa ya kwana talakan Ingilishi, ƙane ya kwana talakan Faransa, gonar gado ta rabu biyu. Daga baya kuma nauyin haraji da aikin tilas na Faransawa, wanda sai a 1946 aka soke shi, ya riƙa koro mutane kudu, gida-gida, yawanci da dare. Ba kullum kudu ake yi ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Tambari, ɗan Maiturare, da ya bar gadon sarauta a 1931 ƙasar Faransa ya fara nufa kafin ya ƙare a Wukari. Tafiyar Tambari tana cikin takardun Turawa saboda shi sarki ne. Ta mai jaki ɗaya da mata da 'ya'ya uku ba ta cikin takardar kowa.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce mun yi sakaci da matattunmu. Ba haka ba ne. Muna yi musu wanka da sutura da salla, mu yi zaman makoki, matansu su yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, mu riƙa yi musu addu'a da sadaka har iyakar ranmu. Sai dai hanyoyin da muke girmama su, su ne kuma suke shafe sawunsu. Kabarinmu tudun ƙasa ne, damina kaɗan ta isa ta daidaita shi, kuma haka addini ya fi so. Alkunya ta hana mace faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari. In an mayar wa jariri sunan kakansa, ba za a kira shi da shi ba, sai a ce Abba ko Baba ko Babangida, in mace ce a ce Inna ko Ummi. Watau sunan yana nan a raye amma a lulluɓe, har a kai ga zamanin da mai sunan kansa bai san wa aka mayar masa ba. Mata suka fi shan wannan. Tsohuwa za ta shekara 70 a gida ana ce mata Iya ko Hajiya Babba, ranar da ta rasu a rasa mai faɗin sunan mahaifiyarta.

Alhali kuwa a wannan ƙasa ta Sakkwato aka yi wadda ta nuna mana hanya tun tuni. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi marsiyyoyi da Larabci da Fulatanci ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne ta yi wa aminiyarta A'isha, ta kuma yi wa wata maƙwabciyarta Halima, wadda ba sarauta gare ta ba. Kuma ko a kan manyan, halinsu na kirki ta fi ambato a kan muƙaminsu. Ba don alƙalamin Nana ba, wa zai san an yi wata Halima a Sakkwato? Shi ma Giɗaɗo ya rubuta abin da ya gani da abin da ya ji na rayuwar Shehu da Bello, jikansa na nesa Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya ɗora a kai, har ga shi gidan adana tarihi na jihar yana ɗauke da sunansa. Amma wannan gado na rubutu ya fi zagaya gidan Shehu da gidajen malamai. Talaka sai jefi-jefi. Misali mafi shahara shi ne Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da baturiyar ta ce sai baɗi, da shi ke nan. A hayin Nijar kuma Djibo Hamani ya bi tsofaffin Adar ya fitar da tarihin ƙasar a 1975, sai dai da Faransanci yake, jikokin masu ba da labarin da ke Illela ba su iya karanta shi.

Wani zai ce tsofaffin nan ba su san shekara ba, ta yaya za a rubuta tarihi daga bakinsu? Gaskiya ne takardunsu ba su da tabbas. Katin ɗan ƙasa na Nijar yakan ce an haifi mutum "wajen" shekara kaza, na Nijeriya kuwa tsofaffi da yawa an ba su 1 ga Janairu don a cike gurbi. Amma suna da kalandarsu, kuma ta fi ta takarda gaskiya. Yunwa ce manyan turakunta. Kakalaba ita ce ta 1913 zuwa 1914. 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940 ce, lokacin da aka riƙa takawa zuwa Gusau neman hatsi. Muɗa ta wajen 1954 ce. Ga farin 1973. Ga kuma ta 1984, wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatinsa ta yi a watan Afrilu na shekarar, ba a buɗe ba sai 1986. In tsohuwa ta ce, "Shekarar da anka kashe Sardauna ina goyon na ukku," to ka sami 1966. In ta ce an ɗaura mata aure ana kashe sulai, ka san kafin Naira ne, watau kafin 1973. Wanda ya yi wayo a zamanin Sarkin Musulmi Hassan, tsakanin 1931 da 1938 yake nufi. Da irin wannan ake ɗaure labari har ya tsaya da ƙafarsa. A duba kuma bangon Alƙur'anin gida da gefen kundin malam, domin sau da yawa akwai haihuwa da rasuwa da aka rubuta da ajami da shekarar Hijira, magada ba su ma san suna nan ba.

Muna roƙon wanda zai yi wannan aiki kada ya gyara wa tsoho harshe. In ya ce "munka taho", a bar shi a munka taho, kada a mai da shi Kananci don a burge edita. Kuma a shiga cikin gida. Maza sukan ba da labarin sarauta da fatauci da kasuwar Lahadi ta Illela, yadda ake koro shanu da raƙuma daga arewa, amma wa ya auri wa, wa aka ba wa riƙo, wace ce ta fita ta dawo, wannan ilmin mata ne, su ne masu riƙe da zaren.

Akwai wurin da za a yi tuntuɓe, gara mu faɗa tun yanzu. Ba duk abin da tsoho ya sani iyalinsa ke son a buga ba. Akwai gidan da asalinsa bauta ce. Akwai wanda kakansa Azne ne mai tsafi, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Ƙonni da Adar, jikoki kuwa yau limamai ne. Akwai rigimar gona da aka binne da gangan. A ɗaya gefen kuma ga maroƙa, waɗanda in ka bi tasu kowa jinin Alƙalawa ne, ba a taɓa yin talaka a Gobir ba. Ra'ayinmu shi ne a rubuta duka yadda aka ji, a rubuta wa ya faɗa, a wace rana, a gaban wa, sa'an nan a bar wa iyali kwafinsu. Abin da za a kai maɗaba'a kuwa sai da yardarsu. Rubutawa dabam, bugawa dabam.

Iyakar ma ba ta daina shiga tsakani ba. An rufe ta a watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe Illela tare da Seme da Maigatari da Mfun. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Jaridu sun ƙirga motocin albasa da suka ruɓe a hanya. Ba mu ga wanda ya ƙirga jana'izar da 'yan'uwa suka rasa ba, ko tsofaffin da ƙafarsu ba ta iya bin ɓarauniyar hanya su je su ga ƙaninsu na ƙarshe.

Wanda aka haifa a 1940 yau ya haura 80, kuma shi ne na ƙarshe da ya zauna a gaban mutumin da ya ga Ƙonni tana ci da wuta da idonsa. Abokinmu dai ya koma Illela bayan sadakar arba'in. An ce masa akwai wata ƙanwar marigayiyar da ta rage a wani ƙauye ta hayin iyaka, kunnenta ya yi nauyi amma hankalinta garau. Ya tafi da wayarsa da littafin rubutu mai shafi 80, da goro da turmin atamfa.