Askar Wanzami da Cutar Ƙanjamau: Waiwaye Daga Potiskum

Mu da muka tashi a Potiskum mun san cewa da zarar sanyin hunturu ya kama, to lokacin kaciya ya yi. Akan tara yara masu shekara bakwai zuwa tara, wanzami ya zo da zabirarsa ya yi musu shayi. Daga nan sai jinya, ana wanke musu ciwo da ruwan bagaruwa, ana lallashinsu da naman kaza. Iyayenmu sun riƙi wannan aiki a matsayin sunna da tsabta, ba su taɓa danganta shi da wata annoba ba.

A 1986 aka ba da sanarwar ɓullar cutar ƙanjamau a Nijeriya. Tun a shekarun 1980 likitoci suka lura cewa cutar ta fi yaɗuwa a sassan Afirka da ba a cika yin kaciya ba, sai dai tabbaci bai samu ba sai da aka yi gwaji uku. Na farko shi ne na Orange Farm a Afirka ta Kudu, wanda sakamakonsa ya fito a 2005, sannan na Kisumu a Kenya da na Rakai a Yuganda a 2007. Duka ukun sun nuna cewa kaciya na rage haɗarin namiji ya ɗauki cutar daga mace da kimanin kashi 60 cikin ɗari, domin cikin loɓa na da laushi, kuma ta nan ƙwayar cutar kan samu ƙofa. A watan Maris na 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kaciya a matsayin rigakafi, musamman a gabashi da kudancin Afirka.

To, amma kada wannan ya sa mu saki jiki. Ragi ne kaciya ke yi, ba ta hana kamuwa ɗungurungum, kuma ba ta kare mace kai tsaye. Haka nan aska ɗaya da aka yi wa yara goma aiki da ita ba tare da tafasawa ba, tana iya ɗaukar jinin mai cuta ta kai wa mai lafiya. Saboda haka, idan hunturu ya zagayo, wajibi ne kowane uba a cikinmu ya tabbatar da sabuwar reza ko tafasasshiyar aska aka yi wa ɗansa kaciya.